Gubar Dalma a Zamfara: Darasi Kan Kiyaye Haɗarin Sinadarai a Wurin Aiki

A farkon shekarar 2010, mazauna wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara suka lura cewa agwaginsu suna ta ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki al'amarin da muhimmanci, domin mutuwar kaji da agwagi ba baƙon abu ba ne a karkara. Ba a daɗe ba sai ƙananan yara suka fara kwantawa. Ciwon yakan soma da amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga da suma, cikin 'yan kwanaki kuma sai rai ya yi halinsa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magungunansu, amma babu sauƙi.

A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sami labarin yawan mace-macen. Da suka ga magungunan da aka saba da su ba su yi tasiri ba, sai suka ɗebi jinin wasu yara suka aika da shi wani ɗakin gwaje-gwaje a Turai. Sakamakon ya nuna cewa dalma ce ta cika jinin yaran. A watan Mayu ƙwararru daga Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, suka tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya daga kowane huɗu. An ƙiyasta cewa yaran da wannan annoba ta kashe a jihar sun haura 400.

Yaran nan ba leburori ba ne, ba su kuma taɓa shiga ramin haƙar ma'adini ba. Gubar ta same su ne a tsakar gidan iyayensu, ta hanyar sana'ar da ake ci da su da ita. Saboda haka wannan lamari ya zama babban misali na yadda sinadarin wurin aiki ke cutarwa, da kuma ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa domin kiyaye shi.

Mece ce dalma?

Dalma, ko darma kamar yadda wasu ke cewa, ƙarfe ce mai laushi da nauyi, launinta toka-toka. A jadawalin sinadarai lambarta 82, alamarta kuwa Pb, daga sunanta na harshen Latin. Ta fi ruwa nauyi fiye da sau goma sha ɗaya, tana kuma narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, wanda wutar gawayi ma kan kai. Wannan sauƙin sarrafawa, tare da cewa ba ta saurin lalacewa, shi ya sa ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana amfani da ita. Rumawa sun yi bututun ruwa da ita. A zamanin nan kuwa ana samun ta a batirin mota, da harsashi, da abin like wayoyin rediyo, da wasu nau'o'in fenti. An daɗe ana zuba ta a man fetur, sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina, ƙasar Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021.

Ba kasafai ake samun dalma zalla a cikin ƙasa ba. Galibi tana haɗe ne da farar wuta a cikin wani dutse mai ƙyalli da masana ke kira galina. Wannan dutse sananne ne a ƙasar Hausa, domin da shi ake yin yawancin kwalli ko tozali na gargajiya. A 2012 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da ya kamu da gubar dalma daga tozalin da aka kai daga Nijeriya, da aka auna shi kuma aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce.

Jikin mutum yana bukatar ƙarfe kamar ayon da zinki, ko da kaɗan ne. Dalma kuwa ba ta da wani amfani a jiki ko na ƙwayar zarra, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani adadi nata a jini da za a ce ba ya cutarwa ba.

Yadda guba ta shiga gida

An daɗe da sanin akwai zinariya a yankin Anka. Abin da ya sauya shi ne farashi. A 2001 ana sayar da oza ɗaya ta zinariya a kasuwar duniya a kan dalar Amurka 270 ko kusa da haka, amma a 2010 ta wuce dala 1,200. Manomin da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara sai ya ga cewa buhun dutse ya fi masa buhun gero. Ƙauyuka da dama suka koma haƙa.

Zinariyar wannan yanki tana cikin dutse ne a matsayin ƙananan ɓurɓushi, sai an mayar da dutsen gari kafin a raba ta da shi. Maza sukan haƙo dutsen daga rami su kawo shi gari a buhuna. A farfasa shi da guduma, ko a daka shi a turmi, sannan a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi. Daga nan a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba domin ta kama zinariyar, a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi, zinariya ta rage. Saboda tsoron ɓarayi, da kuma domin matan aure su sami nasu rabon ba tare da sun fita ba, yawancin wannan aiki a cikin gida ake yin sa, a filin da ake shanya hatsi, ake girki, yara kuma suke rarrafe.

Abin da masu aikin ba su sani ba shi ne, jijiyar dutsen da suka faɗa a kanta cike take da dalma. Bugu da ƙari, masana ilimin duwatsu na Amurka da suka bincika samfurin sun gano cewa iska da ruwan sama na tsawon zamani sun juya yawancin galinar zuwa wani nau'i da ake kira kabonet na dalma, wanda ke narkewa cikin sauƙi a ruwan asid na tumbin mutum. Niƙa shi a bushe kuma ya mayar da shi ƙura mai laushi wadda ke bin iska, ta sauka a ƙasa, da kwano, da rijiya, da tufafi. Agwagi, da yake su masu kiwo ne a ƙasa da kududdufi, su suka fara haɗiyar ta. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu.

Ƙofofin shiga jiki

Kowane sinadari, kafin ya cutar da mutum, sai ya sami hanyar shiga jikinsa. Manyan hanyoyin uku ne. Ta farko ita ce numfashi, wadda ta fi kowace yawa a wuraren aiki, domin ƙura da hayaƙi da tururi suna isa huhu, daga can su shiga jini kai tsaye. Ta biyu ita ce baki, yayin da mutum ya ci abinci ko goro da hannu mai ƙura, ko ya sha ruwan da ya gurɓata. Ta uku ita ce fata da ido, hanyar da magungunan feshin gona da man fetur da makamantansu suka fi bi. Akwai kuma shiga ta rauni, kamar idan fasasshiyar kwalba mai sinadari ta yanki mutum.

A Zamfara manya sun fi shaƙar ƙurar, yara kuwa sun fi haɗiyar ta, domin ɗabi'ar yaro ce ya kai duk abin da ya taɓa bakinsa. Hanjin yaro kuma yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, musamman idan yaron yana fama da yunwa ko ƙarancin ayon da kalsiyam.

Sirrin cutarwar dalma shi ne kamanninta da kalsiyam, sinadarin da jiki ke gina ƙashi da shi, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuma suke aika saƙo da shi. Jiki yakan ruɗe ya karɓe ta a matsayin kalsiyam. Idan ta isa ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa sai ta dagula haɗuwar jijiyoyi. In ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, abin da ke kawo jijjiga da suma da mutuwa. Tana kuma hana jiki ƙera sinadarin da ke sa jini ja, sai a sami ƙarancin jini. Ga manya tana jawo hawan jini, da ciwon ƙoda, da sanyin jijiyar hannu, da raunin haihuwa. Rabin dalmar da ke yawo a jini kan fita cikin wata guda, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na wadda ke jikin babban mutum tana kwance ne a ƙashi da haƙori, inda takan yi shekaru gommai. Idan mace ta sami ciki, jikinta yakan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta domin ɗan tayi, dalmar da ta kwanta tun tana yarinya sai ta biyo shi ta ratsa mabiyiya.

Masana sun raba cutarwar sinadarai gida biyu. Akwai ta farat ɗaya, wadda ke bayyana cikin sa'o'i ko kwanaki, kamar ƙunar asid ko jijjigar da ta kashe yaran Dareta. Akwai kuma ta sannu a hankali, wadda ke ɗaukar shekaru ba a ji ba a gani. Yaron da dalmar jininsa ba ta kai ta kwantar da shi ba yana iya tasowa da raunin fahimta da rashin natsuwa a aji, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali kuwa guba ce ta taɓa shi.

Yawan abu shi ne gubarsa

Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rayu daga 1493 zuwa 1541, shi ya fara bayyana cewa kowane abu yana iya zama guba, adadin da ya shiga jiki ne ke rarrabewa. Gishiri kaɗan yana gyara miya, mai yawa kuwa yana kisa. Daga nan aka sami bambanci tsakanin abubuwa biyu da ɗalibi ya kamata ya riƙe. Na farko shi ne muguntar sinadari, watau irin cutar da yake iya yi bisa halittarsa. Na biyu shi ne yiwuwar cutarwa, wadda ta dogara ga yawan abin da ya isa jikin mutum da tsawon lokacin da ya ɗauka yana isa. Dalmar Anka ta shafe miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa da muguntarta, ba ta kashe kowa ba sai ranar da aka niƙa ta a tsakar gida. Ba a iya sauya halittar sinadari, amma ana iya datse hanyarsa zuwa jiki, kuma wannan shi ne aikin kiyaye haɗari baki ɗaya.

Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowace desilita. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita. Tun daga 2021 hukumomin Amurka suna ɗaukar mataki idan jinin yaro ya kai 3.5, likitoci kuma sukan fara ba da maganin fitar da dalma idan ya kai 45. A Dareta da 'Yargalma, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce, wasu ma sun kai ɗaruruwa.

Ɗan lissafi zai nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Yaro mai nauyin kilo 12 yana da jini kimanin lita ɗaya, watau desilita goma. Idan kowace desilita tana ɗauke da maikirogiram 45, jimla 450 ke nan, abin da bai kai rabin miligiram ba. To, a wasu wurare na ƙauyukan nan an auna ƙasa an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, watau giram 100 a kowane kilo, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a wancan lokaci 400 ce. Ninki 250 ke nan. A ɗauka yaro ya haɗiyi miligiram 100 na irin wannan ƙasa a yini, abin da bai fi a ɗauka da yatsa biyu ba. Ya haɗiyi miligiram 10 na dalma ke nan, ko maikirogiram 10,000, gobe kuma ya ƙara.

Matakai biyar na kariya

Masana lafiyar ma'aikata sun jera hanyoyin kariya hawa biyar, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Ƙa'idar ita ce a fara daga sama, kada a sauko mataki na ƙasa sai na sama ya gagara.

Mataki na farko shi ne kawar da sinadarin ɗungurungum. Cire dalma daga man fetur misali ne na wannan, domin ya kare direba da mai sayar da mai da ɗan makaranta a bakin titi a lokaci guda, ba tare da an bukaci kowannensu ya yi wani abu ba. A wajen masu haƙar zinariya wannan yana nufin barin ramin da aka tabbatar dutsensa yana da dalma da yawa.

Na biyu shi ne musanya shi da wanda bai kai shi cutarwa ba. Farin fenti a da da dalma ake yin sa, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a 1921 domin taƙaita amfani da shi a cikin gine-gine. Daga baya aka maye gurbinsa da farin sinadarin taitaniyam. Haka kuma ana iya raba zinariya da gari ta hanyar bambancin nauyi ba tare da zaiba ba, abin da Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ke ƙarfafawa, domin tururin zaiba shi ma guba ne ga ƙwaƙwalwa.

Na uku shi ne gyaran na'ura da wurin aiki ta yadda guba ba za ta isa ga mutum ba: rufe injin, sa bututun zuƙe hayaƙi, ko jiƙa dutse kafin a niƙa shi, tunda jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. An gwada wannan a yankin Shikira na Jihar Neja, inda ƙungiyar MSF da wata ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata mai suna OK International suka sa wa injinan niƙa bututun fesa ruwa. Dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, ƙurar silika mai lalata huhu kuma ta ragu da kashi 80.

Na huɗu shi ne tsarin aiki da horo. A nan ne ake raba wurin aiki da wurin kwana, a hana yara da masu ciki kusantar wurin, a hana ci da sha a bakin aiki, a tanadi wurin wanka da na sauya tufafi domin kada ma'aikaci ya kai ƙura gida a rigarsa, a kuma riƙa gwada jinin ma'aikata lokaci-lokaci. Da aka haɗa waɗannan da feshin ruwa a Shikira, dalmar jinin masu aikin ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙasa da shekara biyu.

Na biyar, kuma mafi rauni, shi ne kayan kariya na jiki, kamar takunkumin hanci, da safar hannu, da tabarau, da takalmin roba. Mutane da yawa suna zaton daga nan kariya take farawa, alhali nan ne ƙarshenta. Takunkumi yana kare wanda ya sa shi kaɗai, in ya dace da fuskarsa, in kuma bai cire shi saboda zafi ba. Ƙyalle ko rawani da aka rufe hanci da shi ba ya tare ƙura mai laushi, kuma babu takunkumin da zai kare jaririn da ke goye a bayan mai daka.

Sanin abin da ke hannu

Duk matakan nan ba za su yiwu ba sai an san sinadarin da ake aiki da shi. A 1700 wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. A 1910 wata likita Ba'amurkiya, Alice Hamilton, ta bi masana'antun Jihar Illinois tana gano ma'aikatan da dalma ta nakasa, aikin da ya kai ga kafa dokokin kare su. Tambayar Ramazzini ce ta warware matsalar Zamfara, domin sai da aka dubi abin da iyaye ke yi a gida kafin a gane ciwon 'ya'yansu.

Yarjejeniya ta 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1990, ta tabbatar da cewa haƙƙin ma'aikaci ne ya san sinadarin da yake taɓawa, wajibin mai wurin aiki ne kuma ya sanar da shi ya kuma kare shi. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari na bai ɗaya na yi wa sinadarai alama. Alamomin tara ne, kowace baƙin hoto ce a cikin murabba'i mai jan baki da ke tsaye a kan kusurwarsa. Harshen wuta yana nufin abu mai saurin kamawa, ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba mai saurin kisa, hoton ruwa yana cin hannu da ƙarfe abu mai ƙuna, hoton mutum da tauraro a ƙirji kuwa cuta ta sannu a hankali kamar ciwon daji. Kowane sinadari kuma yana zuwa da takardar bayani mai sashe 16, wadda ke faɗin yadda za a ajiye shi, da taimakon farko, da abin yi idan ya zube. A Nijeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta tsabta da isasshiyar iska da kawar da ƙura da hayaƙi a masana'antu. Sai dai mai daka dutse a ƙauye da mai gyaran batir a bakin kasuwa ba sa cikin rajistar kowa, dutse kuma ba ya fitowa daga rami da alama a jikinsa. A irin waɗannan wurare ilimi ne kaɗai ke tsayawa a madadin sufeto.

Tsadar gyara bayan ɓarna

Aikin ceto a Zamfara ya bi tsari uku. Da farko, da taimakon sarakuna da masu unguwanni, aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Sannan ƙwararrun kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, aka binne ta a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwa mai tsabta. Bayan haka ne likitoci suka ba yara wani magani mai suna DMSA, wanda ke kama dalmar jini ya fitar da ita ta fitsari. Dole ne a bi wannan jeri, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gurɓataccen gida zai sake ɗibar gubar.

An tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. Kafin MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha a 2022, ta gwada yara fiye da 8,000, fiye da 3,500 kuma sun sha maganin. Mace-mace sun ragu ƙwarai, amma magani ba ya mayar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Wasu daga cikin waɗanda suka rayu sun makance, wasu sun shanye. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28. Kafin Zamfara ma, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun mutu a wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na Senegal, inda ake fasa tsofaffin batura ana ciro dalma.

Daga gareji zuwa ɗakin gwaje-gwaje

Ƙa'idojin nan sun shafi kowace sana'a da ake taɓa sinadari a cikinta. Makanikin da ke wanke hannu da fetur, ko yake zuƙo shi da baki ta tiyo, yana shigar da benzin jikinsa, sinadarin da aka tabbatar yana jawo ciwon dajin jini. Manomin da ke feshi yana fuskantar iska, ko ya zuba ragowar magani a kwalbar lemo ya ajiye a ɗaki, ya buɗe wa guba ƙofa biyu. Ma'aikatan majemun zamani irin na Challawa da Sharaɗa a Kano suna aiki da sinadaran kuromiyam da salfayid, kuma ramukan dattinsu kan tara iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari kafin ta kashe mutum. Mai shara da ya gauraya bilic da ruwan wanke masai mai asid zai tayar da iskar kulorin a ɗaki rufaffe.

Ɗakin gwaje-gwaje na makaranta shi ma wurin aiki ne, kuma a nan ne ɗalibi ke koyon ɗabi'ar da zai tafi da ita masana'anta. Ana karanta alamar kwalba kafin a buɗe ta, kwalbar da ba ta da suna kuwa a kai wa malami. Idan za a tsarma asid mai ƙarfi, asid ɗin ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, domin in aka zuba ruwa a kansa zafin da zai taso yana iya fantsamo shi a fuska. Ba a zuƙar sinadari da baki, ba a ɗanɗana shi, ba a cin abinci a ɗakin. Gwajin da ke fitar da hayaƙi a akwatin zuƙe hayaƙi ake yin sa, in babu shi a buɗe tagogi a rage yawan abin da ake gwadawa. Idan sinadari ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15 kafin a tafi asibiti.

Kammalawa

Mutanen Dareta da Bagega neman halaliyarsu suke yi, kuma talauci ba ya barin mutum ya yar da sana'ar da ke ciyar da shi don an ce masa akwai haɗari. Abin da ya yi amfani shi ne nuna musu yadda za su ci gaba da aikin ba tare da sun kai gubar gida ba. Ruwan feshi, da wurin niƙa a bayan gari, da bokitin wanka, da rigar sauyawa ba su kai ko kusa da kuɗin kankare ƙasar ƙauye guda ba, balle ran yaro. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Malamin kimiyya yana iya mayar da wannan darasi aikin aji. Ya sa kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, ko ta rini, ko ta walda, ko ta fenti, ko ta gyaran batir, ya rubuto amsar tambayoyi huɗu: wane sinadari ake taɓawa, ta wace ƙofa zai iya shiga jiki, wane ne yake kusa da shi har da yara da mata masu ciki, kuma wane mataki ne mafi tsawo cikin biyar ɗin nan da mai sana'ar zai iya ɗauka da abin da ke hannunsa. Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan zai gane abin da mutuwar agwagi take nufi tun kafin ciwo ya kai ga ƙannensa.